Ba Likita Ne Ya Ɗaure Mini Fuska Ba

Zuwa ga Gajeriyata,

Sanyin idona, inuwar da nake gudowa idan rana ta take, ruwan randar da ke jiran wanda ya wuni a bakin titi. Ke da Allah Ya rage miki tsawo Ya mayar miki da shi a harshe. Tauraruwar da ba ta jiran magariba, kurciyar da ta bar manyan bishiyoyi birjik a gari ta zo ta sauka a rumfar mai faci. Ina yi miki sallama irin ta wanda aka tsayar a ƙofar gida. Ina gaishe ki da jiki, ina gaishe ki da haƙuri, ina kuma gaishe ki da fushin da kike yi da ni, don shi ma naki ne, kuma duk abin da yake naki ina son sa.

Sau uku ina zuwa gidan Yayarki tunda kika kwaso kayanki kika dawo wurinta. Sau uku tana fitowa ta cika ƙofa, ta riƙe ƙugu, ta ce kin ce ba kya son ganin fuskata. Jiya da na koma gida na tsaya gaban madubinki na duba fuskar da kyau, na ce gaskiyar Gajeriya, ni ma da da yadda zan yi, da na ajiye ta a wani wuri na huta. Waya kuma kin ƙi ɗauka. Shi ya sa na nemo takarda da biro, ni da iyakar karatuna allo ne, na zauna a kan tsohuwar taya ina rubuta miki. In kin ga layi ya karkace, cinyata ce teburin.

Yaya ta gaya mini abin da kika yanke. Kin ce jibi Alhamis ba za ki koma asibiti a ɗaura miki ruwan kemo na huɗu ba. Kin ce tunda ciwon dajin ya tashi daga mama ya hau huhu, tunda kuma likita ya riga ya raɗa wa mijinki kwanakin da suka rage miki, ba ki ga amfanin ƙara shan wuta ta jijiya ba. Abin da ya fi kayar da ni shi ne, a fuskata kika karanta wannan hukunci, alhali likita bai rubuta komai a kanta ba. Ni na rubuta, da hannuna, da wautata. Ki daure ki karanta wannan takarda har ƙarshe, sannan in kin ga dama ki yayyaga ta ki ba Yaya ta hura wuta.

Kin tuna wanda kika aura kuwa? Kin tuna macijin da na yanko daga tsohon tiyub, na shafa masa mai har ya yi sheƙi, na kwantar da shi cikin kwandon ƙyallayenki, watanmu biyu da aure? Kin sa hannu neman shuɗin ƙyalle, sai ga ki a kan gado tsaye, ke da ko kujera mai tsayi sai kin yi dabara kike hawa. Da kika gane roba ce kika biyo ni da almakashi har tsakar gida, a nan dariya ta ci ƙarfinki, kika zauna daɓas a ƙasa kina riƙe da ciki. Ba ki rama ba. Kwana tara kina tarbata da fara'a, sannu da aiki maigida, ga ruwa maigida, har na saki jiki na ce na auri waliyyiya. Ranar na goma na tashi a makare, na zura ƙafa a wando, ƙafa ta ƙi fita. Na ɗauki na biyu, haka. Na uku, haka. Duk wandon da na mallaka a duniya kin bi shi da keke kin ɗinke ƙafafun, ɗinki biyu-biyu, irin wanda kike yi wa kayan manyan kwastomomi. Kina jingine a bakin ƙofa da kofin shayi kina cewa, "Maigida, ko ƙafar ce ta kumbura?" A ranar na san na gamu da daidai ni, har da ɗoriya.

Shekara biyar ke nan, kuma in an tambaye ni da me muka gina gidanmu, ba zan ce da bulo ba. Dariyarki ce ginshiƙinsa. Takan fara kamar ruwan farkon damina a kan kwano, ɗis, ɗis, kina cije leɓe kina ƙoƙarin riƙe ta, sannan ta ɓarke gaba ɗaya har maƙwabta su leƙo. Wasu mazan da turare suke nuna so, wasu da zannuwa, wasu da daɗin baki. Ni ban iya ko ɗaya ba. Gishiri a shayi na iya, da ɓoye takalmi ƙafa ɗaya, da kwaikwayon muryar kwastoma a waya in ce a ɗinka mini riga mai hannu uku. Da wannan yaren kaɗai na iya ce miki ina son ki, ke kuma kika koye shi har kika fi ni.

Sannan ciwo ya zo, na ga abin da ban taɓa gani ba.

Gajeriya, ko kin san yadda kike a ɗakin nan na kemo? Ke a zaune kike, ba kya ganin kanki. Ni da nake gefe a kan benci ni na gani. Kujeru takwas a jere, kowace da ƙarfenta a tsaye da jakar ruwa a rataye. Nas mai tabarau ta zo da tirenta, ta sa safar hannu, ta ƙara wata a kanta, ta ɗaura doguwar riga, ta rufe hanci da baki, duk don kada ɗigo ɗaya na jan maganin nan ya taɓa fatarta. Abin da take tsoron ya taɓa bayan hannunta, shi kika miƙa wa jijiyarki. Tana tura shi a hankali da ƙatuwar sirinji, ina kallon jan yana tafiya cikin siririyar roba kamar garwashi ya narke, yana matsowa, yana matsowa, har ya shige ki. Ni da ba a jikina ba, sai da tsigar jikina ta tashi. Ke kuwa me kike yi? Kin kama gefen rigar nas kina duba ɗinkin, kina ce mata duk wanda ya yi mata wannan wuyan ya ci amanarta, ta kawo miki in kin samu sauƙi ki gyara. Wace irin halitta ce wannan? Daga ina aka yanko ki? Na ga ƙarti sun faɗi don ganin allura, na ga direban babbar mota yana kuka don guduma ta sami yatsansa. Ban taɓa ganin mutum yana shan wuta yana gyara wa mai ba shi wuyan riga ba.

Na ga gashinki ya bi mataji, kin tattara shi kin ƙulle a takarda kin ce ya tafi hutu. Na ga girarki ta ɗauke, faratanki sun yi duhu, bakinki ya yi gyambo har ruwa yana miki ɗanɗanon ƙarfe. Na riƙe miki roba kina amai har ba abin da ya rage sai numfashi, kika ɗago kika ce in daina zare ido kamar mujiya. Itacen da iska ta karkaɗe wa ganye tas, amma saiwarsa ta ƙi sakin ƙasa, ke ce. Wata ne da ya rame har ya koma kamar yankan farce, amma duk wanda ya ɗaga kai shi yake nema. Wallahi ban taɓa ganin kin yi kyau kamar yadda kika yi a kujerar nan ba, kuma kin san ba na rantsuwa a kan wasa.

Yanzu ga laifina, ki ji shi daga bakina.

Kwana goma bayan ruwa na biyu, da hantsi, kina kwance kin juya wa duniya baya. Na ce bari in taso ki. Na ɗaura ɗankwalinki, na cusa matashi a baya, na shigo ina kwaikwayon tafiyar Yaya da yadda take ce mini, "Kai dai Allah Ya shirye ka, ƙato da kai." Kika yi dariya. Kika yi, kika ƙara, sai dariyar ta juye tari. Tarin ya ƙi tsayawa. Ina kallo leɓɓanki suka canza launi, idonki ya firfito, kina neman iska kamar mai nitsewa, ni kuma ina tsaye a kanki da matashi a baya. Da kika ɗauke hankici daga bakinki na ga jini. Kaɗan ne, bai kai faɗin farce ba, amma ni a wurina kogi ne. Ban san lokacin da na sungume ki zuwa titi ba. Sai a asibiti, bayan an sa miki robar iska a hanci, nas ta ce mini, "Malam, cire ɗankwalin."

A barandar nan, ina jingine da bango, na yi wa Allah alkawari. Na ce Ya Ubangiji, da bakina na kusa kashe ta, in Ka dawo mini da numfashinta ba zan ƙara sa ta dariya ba. Ban yi shawara da kowa ba. Ban tambayi likita ba, ban tambayi Ummata ba, ke kanki ban tambaye ki ba. Na ɗauki abu ɗaya tak da na iya ba ki, na kulle, na haɗiye makullin. Yau kwana talatin cur rabona da in tsokane ki. Na koma tafiya da sanɗa a gidana. Na koma sannu, sannu, sannu, kamar wanda aka ɗauko hayarsa. Kin sa mini gishiri a shayi, kina tsammanin ban gane ba? Na gane. Na shanye shi tas na ce na gode, don ina tsoron in ɓata fuska ki yi dariya. Na ga yadda kika dube ni a ranar, ban fahimta ba sai yanzu.

Kuma a wannan barandar ce likita ya same ni, kina hango mu ta gilashin ƙofa. Ga abin da ya faɗa, ban rage ba ban ƙara ba. Ya ce in zazzaɓi ya kama ki kada in jira komai, in kawo ki. Ya ce in hana masu mura zama kusa da ke. Ya ce ƙwayar hana amai kafin cin abinci ake sha, ba bayan an ci ba kamar yadda nake ba ki. Sannan ya dubi baƙin man da ke hannuna ya ce, ashe kai mai faci ne, tayar motata ta baya kullum sai ta sauka, an duba ba a ga ƙusa ba. Abin da ya tsayar da mu ke nan. Kaina da kika gani a sunkuye, ba maganarsa ce ta sunkuyar da shi ba, hankicinki ne a aljihuna.

Ranar ruwa na uku kika tambaye ni a gaban kowa, "Kwana nawa ya ce maka?" Na ce bai ce komai ba, na kau da kai. Na kau da kai ne don hawaye, ke kuma kika ɗauka ƙarya ce ta hana ni haɗa ido da ke. Tsohuwar nan ta kujerar taga, wadda take ce mini mijinta, ta taɓo ni da sandarta ta ce, "Kai angona, wannan fuskar mayar da ita inda ka aro ta, nan ɗakin masu rai ne." Kowa ya yi dariya ban da ni da ke. Ita ta gane abin da ni mai gemu ban gane ba: na fara yi miki zaman makoki kina zaune kina kallona.

Na san masifar mai tsokana, ranar da ya faɗi gaskiya ba mai yarda. Don haka kada ki yarda da ni. Ki je ki tambayi likitan da bakinki, ni zan tsaya a waje. Ki tambaye shi har maganar tayar. Bawul ɗin bakin hura iska ne ya lalace, na canza masa.

Jiya na je na yi tambayar da ya kamata in yi tun wata guda. Na sami nas mai tabarau na ce, Sista, don Allah dariya tana ƙara ciwon huhu? Ta cire tabarau ta dube ni tun daga sama har ƙasa, ta ce, "Kai ne ashe ka mayar mana da telarmu bebiya." Ta ja ni har wurin likita. Ya ce ciwon ne ya taɓa wata 'yar jijiya, tarin nan da dariya da babu zai iya zuwa. Ya ce dariya ba ta ciyar da ciwon daji. Ki dai zauna a miƙe, ruwa na kusa, in jini ya dawo ko numfashi ya yi wuya a kawo ki. Ya kuma ce in maganin ya fi ƙarfinki ki zo ki faɗa masa da kanki, akwai abin da za a iya sassautawa, kuma ba wanda zai ɗaura miki ruwa sai da yardarki. Na fito ina jin kamar in kwanta a titi mota ta bi ta kaina don kunya. Da yamma na je wurin malaminmu na allo na gaya masa alkawarin da na ɗauka. Ya ce tun ina ƙarami bai taɓa ganin na yi abin kirki da gangan ba, sai wannan karon, shi ma na yi shi a karkace. Ya ce alkawarin da ke cutar da iyali warware shi ake yi, ya gaya mini kaffarar da zan yi, na kuma fara.

Ba zan yi miki ƙarya ba, hasken idona, don ƙarya ta fi ƙarfina a yau. Abin da likita ya gaya mana tun farko, muna zaune tare, yana nan: wannan magani ba ya tumɓuke ciwon, tare shi yake yi, ya ja masa birki, ya sayo mana lokaci. Nawa ne lokacin? Ya ce bai sani ba, kuma na yarda da shi, don wanda Ya sani bai ba kowa aron littafin ba. Sai bayan ruwa na huɗu za a sake ɗaukar hoton ƙirji a ga inda aka kwana.

Kin tuna hoton farko da ya nuna mana? Ke kina ƙirga fararen ɗigon nan biyar, ni kuwa na shagala da kallon abin da ke kewaye da su. Bishiyoyi biyu a kife cikin ƙirjinki, reshe ya haifi reshe, reshen ya haifi wani, har suka fi gashi siranta. Ni da na ƙare rayuwata ina dura iska a roba, na san tiyub mafi tsada ma shekara biyu ya fara neman faci. Amma ga wani abu da aka hura tun ranar da kika faɗo duniya, yana cika yana saki, yana cika yana saki, ba famfo ba inji, kina barci yana yi, kina masifa yana yi, da ɗigo biyar a jikinsa bai fasa ba. Tsarki ya tabbata ga wanda Ya ƙera! Ashe abin da nake kwana kusa da shi ke nan shekara biyar ina sa masa gishiri a shayi?

Ni ba likita ba ne, amma kunnena ya saba jin iskar da ke tserewa ta hujin da ido ba ya gani, kuma ina da abin da na ƙirga. Matakalar benen ɗakin kemo taki ashirin da biyu ce. Ranar ruwa na farko sau huɗu kika tsaya kina haki. Ranar na biyu, sau uku. Ranar na uku sau ɗaya kika tsaya, shi ma ina zaton tsayawa kika yi ki harare ni. Wannan ba hoto ba ne, ba gwajin jini ba ne, ƙirgen mai faci ne. Amma da idona na gani, kuma da ba don na kulle bakina ba, da tun a ranar na faɗa miki.

Ina roƙonki, kurciyata. Jikinki ne, jijiyarki ce, ke kike shan ɗacin, ni ɗan rakiya ne. In kin ce kin gaji don kin gaji, zan durƙusa in karɓa, in zauna kusa da ke ba tare da na ƙara cewa uffan a kan asibiti ba. Amma kada ki ajiye maganinki saboda fuskar wawa. Kada ki bar abin da ƙarfinki ya ɗauka sau uku don mijinki ya tsorata da jini ɗigo ɗaya. Wane ne ni da za a karanta ajali a goshina? Ko hasashen ruwan sama na yi, shanya ake fitarwa.

Na yi miki alkawari, wannan karon bayan shawara. In kwanakin da yawa, zan cika su da tsiya har ki roƙi Yaya ta zo ta kore ni. In kaɗan ne, ba ranar da zan bari ta wuce a banza da sannu-sannu. Zan ji tsoro duk lokacin da kika yi tari, wannan ba zan iya dainawa ba. Amma zan riƙe miki kofin ruwa da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana shirya wata.

Tare da takardar nan akwai jaka. A ciki akwai safar ƙafa mai kauri don sanyin ɗakin kemo, da alewar citta don tashin zuciya, da man leɓe, da buroshi mai laushi, da sabon ɗankwali da Umma ta aiko miki. Ɗaya daga cikin biyar ɗin na taɓa shi. Ba zan faɗa miki wanne ba. Tunda aka haife ni ban taɓa sanar da mutum kafin in yi masa tsiya ba, ke ce ta farko. Ki tashi zaune, ki jingina bayanki da matashi, ki jawo ruwa kusa. In kuma kina so ki more sosai, ki ce Yaya ta buɗe.

Ni na kawo jakar da kaina, kuma ban tafi ba. Ina nan bayan tagar ɗakinki, a gindin katanga, rana tana dukana. Ba zan ƙwanƙwasa ba, ba zan leƙo ba. Saurare kawai nake yi. In na ji shiru, zan koma in dawo gobe in sake tsayawa. In na ji dariyar nan, ko da tari a bayanta, daga nan zan wuce in nemo motar da za ta kai mu jibi.

Naki ne ni, da gashi da babu, a kujerar asibiti da ta gida, a kwanakin da muka sani da waɗanda aka ɓoye mana. Ba ni da wata, ba na neman wata, kuma ko an ba ni ba ni da inda zan ajiye ta, don kin cika wurin duk da ƙanƙantarki.

Mijinki mai faci,
wanda kika sa wa suna Sarkin Tsiya.